Hujjar Maimaita Gwajin Sinadaran Garkuwa na Antifosfolifid a Yankunan Zazzaɓin Cizon Sauro

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin rawar da sinadaran garkuwa na antifosfolifid ke takawa wajen daskarewar jini da ɓarin ciki. Matsayarta ita ce, samun su a jini sau ɗaya bai isa a tabbatar wa mutum cutar antifosfolifid ba, musamman inda zazzaɓin cizon sauro ya zama ruwan dare.

Gabatarwa

Tarihin waɗannan sinadarai ya faro ne daga gwajin tunjere da Wassermann ya ƙirƙiro a 1906. A 1941 Mary Pangborn ta tace sinadarin da gwajin ya dogara a kansa daga zuciyar saniya, wato kadiyolifin. Daga baya likitoci suka lura cewa gwajin yakan nuna tunjere a jikin waɗanda ba su da shi, kuma wasunsu masu cutar lufus ne, wadda garkuwar jiki ke juyawa ta yaƙi mai ita. A 1983 Graham Hughes da abokan aikinsa a asibitin Hammersmith da ke Landan suka haɗa toshewar jijiyoyi, shanyewar ɓarin jiki da yawan ɓari a matsayin cuta guda mai alaƙa da waɗannan sinadaran garkuwa. Abin mamaki shi ne, ɗaya daga cikin sinadaran yana jinkirta daskarewar jini a kwalbar gwaji, alhali a cikin jiki hanzarta ta yake yi.

Yadda suke aiki

A 1990 rukunoni uku na masu bincike suka nuna cewa sinadaran da ke cutarwa ba maiƙon fosfolifid kansa suke kamawa ba, wani furotin na jini suke kamawa mai suna bita-2 gilaikofurotin I. Idan suka manne masa a bangon jijiya, sukan tunzura ƙwayoyin bangon da fararen ƙwayoyin jini su fitar da abin da ke kunna daskarewa, su kuma yaye rufin aneksin A5 da ke kare fuskar mabiyiya. A nan ne ɓari, mutuwar ɗan tayi da jijjigar masu ciki ke samun ƙofa. Sai dai mutane da yawa suna rayuwa shekara da shekaru da sinadaran ba tare da gudan jini ko ɗaya ba. Wannan ya sa masana suka karkata ga ra'ayin bugu biyu: sinadaran su ne busasshiyar ciyawa, tartsatsin kuwa yakan zo daga tiyata, juna biyu, doguwar kwanciya, shan taba ko ƙwayar tazarar haihuwa mai istirojin.

Wasu na ganin cewa, tunda haka ne, sinadaran alama ce kawai, ba musabbabi ba. Gwajin dabbobi ya raunana wannan magana. Idan aka ɗebo su daga jinin majiyyaci aka zuba wa ɓera, gudan jinin da ke fitowa bayan an ji wa jijiya rauni yakan fi girma, macen ɓera mai ciki kuma takan yi asarar 'ya'yanta. Saboda haka suna da hannu a cutar, amma ba kowane irinsu ba, kuma ba kowane lokaci ba.

Batun maimaita gwaji

Tunjere, kuturta, kanjamau, ciwon hanta nau'in C da zazzaɓin cizon sauro duk suna iya haifar da sinadarai masu kama kadiyolifin. Galibinsu ba sa buƙatar furotin bita-2 gilaikofurotin I, ba kasafai suke kawo toshewa ba, kuma da yawa sukan gushe bayan an warke. Shi ya sa ƙa'idojin tantance cutar na Sidni na 2006 suka tsawaita tazarar gwaji biyu zuwa mako 12, daga mako 6 na ƙa'idojin Sapporo. A ƙasar Hausa, inda damina ke zuwa da zazzaɓi gida-gida, matar da ta yi ɓari sau uku aka gwada ta tana cikin masassara tana iya samun sakamakon da ba ya nuna ainihin damuwarta.

Ƙorafi mafi ƙarfi shi ne cewa jiran wata uku ganganci ne, ga kuma tsadar gwaji na biyu ga talaka. Dangane da jira, amsar a fili take: wanda gudan jini ya toshe masa jijiya ana fara masa maganin hana daskarewa na hefarin nan take, ko da sakamako ko babu. Abin da gwaji na biyu ke yankewa shi ne ko zai daina magani bayan 'yan watanni ko zai riƙe shi muddin rai. Tsadar kuwa gaskiya ce, amma a auna ta da ta kuskure. Wafarin, maganin da ake riƙewa na dogon lokaci, na buƙatar awon jini a kai a kai, yana iya jawo zubar jini, yana kuma nakasa ɗan tayi. Hanyar sauƙi, wato shan ribaroksaban a madadin wafarin, ita ma ta toshe ga masu tsananin cutar, domin gwajin TRAPS da aka yi a Italiya, wanda aka wallafa a 2018, an dakatar da shi da wuri bayan shigar majiyyata 120, saboda toshewar jijiyoyi ta fi yawa ga waɗanda aka bai wa ribaroksaban.

Kira ga asibitocin koyarwa da likitocin mata shi ne, a rubuta ko majiyyaci na da zazzaɓi ranar da aka ɗebi jininsa, a ba shi ranar dawowa bayan mako 12 tun kafin ya bar asibiti, kuma kada a ɗora wa kowa sunan wannan cuta kafin sakamako na biyu ya fito.