Wa ke tsawata wa masu riƙon ragamar intanet?

Idan ma'aikaci a Unguwar Dosa ya rubuta kdsg.gov.ng a wayarsa domin duba sanarwar Gwamnatin Jihar Kaduna, wayar ba ta san wannan suna ba, lamba take nema. Akwai wani kundi guda a duniya, kundin tushe, wanda ke nuna inda za a tambayi duk sunan da ya ƙare da .ng ko .com ko .org. Kula da wannan kundi, da raba lambobin adireshi ga nahiyoyi, shi ne aikin da ake kira IANA. Wani masanin kwamfuta Ba'amurke, Jon Postel, ya daɗe yana yin sa kusan shi kaɗai har ya rasu a 1998, shekarar da aka kafa ICANN a Jihar Kalifoniya, ƙungiyar da ba ta neman riba, ta gaji aikin a ƙarƙashin kwantiragi da Ma'aikatar Kasuwanci ta Amurka.

Bisa wannan kwantiragi, duk gyaran da za a yi wa kundin sai wata hukumar ma'aikatar, NTIA, ta amince. A aikace sa hannu ne kawai, amma ƙasashe da dama sun daɗe suna tambayar dalilin da zai sa mabuɗin ɗakin kowa ya zauna a aljihun mutum ɗaya. Ƙorafin ya yi ƙarfi a 2013, bayan Edward Snowden ya fallasa yadda hukumomin leƙen asirin Amurka ke bibiyar sadarwar jama'a. Ranar 14 ga Maris, 2014, NTIA ta sanar da cewa za ta janye hannunta, da sharaɗin ba za ta miƙa amanar ga wata gwamnati ko ƙungiyar gwamnatoci ba. Masu ruwa da tsaki za a bai wa: injiniyoyi, kamfanoni, ƙungiyoyin farar hula, masu amfani da intanet, da gwamnatoci a matsayin ɗaya daga cikinsu.

Inda gizo ke saƙar

Nan take aka gane cewa miƙa aikin ba shi ne mai wuya ba. ICANN ba ta da masu hannun jari, ba ta da mambobin da doka ta ba ikon tuhumar shugabanninta. Abin da ke sa kwamitin gudanarwarta ya yi taka-tsantsan shi ne fargabar kada Amurka ta ƙi sabunta kwantiragin. In an ɗauke wannan bulala, wa zai ce wa kwamitin “a'a”? Da farko shugabannin ƙungiyar sun so a raba batutuwan biyu, a fara miƙa mulki, gyaran gida ya biyo baya. Masu ruwa da tsaki suka ƙi, kuma sun yi daidai, domin wanda ya riga ya karɓi ragama ba ya gaggawar ɗaure kansa da ita.

An kammala tsarin a taron ICANN na Marrakesh, Maroko, a Maris 2016. Ginshiƙinsa shi ne wata majalisa mai rijista a doka, wadda ɓangarori biyar ke yanke shawara a cikinta: masu raba lambobin adireshi, masu kula da sunayen ƙasashe irin su .ng, masu hulɗa da sunayen gama-gari irin su .com, wakilan masu amfani da intanet, da kwamitin gwamnatoci. Tana da ikon watsi da kasafin kuɗi, da hana sauya muhimman dokokin ƙungiyar, da tsige darakta ɗaya ko ma rushe kwamitin gudanarwa baki ɗaya. An kuma mayar da hukuncin alƙalan sasanci masu zaman kansu abin da dole ICANN ta bi, aka taƙaita manufarta a rubuce ta yadda ba za ta shiga harkar tace abin da mutane ke wallafawa ba. Aikin IANA kansa aka ɗora wa wani reshe na daban mai suna PTI. Sanata Ted Cruz ya yi ta faɗa, jihohin Amurka huɗu suka garzaya kotu, alƙali ya ƙi dakatar da shirin, kwantiragin ya ƙare, sabon tsari ya fara aiki ranar 1 ga Oktoba, 2016.

Gwajin da ya fi bayyana gaskiyar lamarin ya zo a 2019, lokacin da aka shirya sayar da kamfanin da ke kula da .org ga wani kamfanin zuba jari, Ethos Capital, kan kuɗi sama da dala biliyan ɗaya. ICANN ta ƙi amincewa a Afrilu 2020, amma sai bayan Babban Lauyan Jihar Kalifoniya ya aike mata da wasiƙa mai zafi. Wato har yanzu bulalar da aka fi jin zafinta ta hukumar Amurka ce, abin da Brazil ta sha yin ƙorafi a kai. A ɗaya gefen, da Ukraine ta nemi a cire .ru na Rasha daga kundin tushe a 2022, ICANN ta ce ba huruminta ba ne.

Yana da kyau a bambanta wannan da abin da muka gani a gida. Dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, da katse layukan waya a Zamfara da wasu sassan Kaduna a 2021, matakan gwamnati ne da kamfanonin sadarwa suka aiwatar. ICANN ba ta da ta cewa a ciki.

Namu sauyin

Najeriya ta riga duniya ɗanɗana irin wannan miƙa amana. An ware .ng a 1995, Misis Ibukun Odusote ta Kwalejin Fasaha ta Yaba ce ke riƙe da shi ta fuskar gudanarwa, na'urorin kuwa suna ƙasar waje. Takaddamar wanda ya cancanci riƙonsa ta ja shekaru, har Shugaba Olusegun Obasanjo ya sa baki a 2004, aka ɗora wa hukumar NITDA riƙon ƙwarya. A 2005 aka kafa NiRA, ƙungiyar masu ruwa da tsaki wadda mambobinta ke zaɓen shugabanni, a 2009 kuma aka mayar da .ng hannunta a hukumance. Sunayen .gov.ng sai da amincewar NITDA.

Babban abin damuwa ga Afirka shi ne AFRINIC, mai mazauni a Mauritius, wadda ke raba lambobin adireshi ga kamfanonin sadarwa da bankuna da jami'o'in nahiyar, har da na Najeriya. Gyaran 2016 bai taɓa tsarin cikin gidanta ba. Rikicinta da wani kamfani, Cloud Innovation, kan miliyoyin lambobi ya sa kotu ta rufe asusunta na banki na wani lokaci a 2021. Daga 2022 ta kasance babu cikakken kwamitin gudanarwa, a 2023 kotu ta naɗa mata mai riƙo. Zaɓen da aka yi a Yunin 2025 soke shi aka yi saboda ƙorafi kan takardun wakilci na masu kaɗa ƙuri'a, sai a Satumbar shekarar aka sake zaɓe ta samu sabon kwamiti.