Shaidar Laka: Yadda Muka Koyi Auna Lafiyar Ƙasan Teku

Idan masana'anta ta saki dagwalo cikin teku da tsakar dare, kafin hantsi igiyar ruwa ta watsa shi, wanda ya zo da kwalba ya ɗebi ruwa domin ya auna ba lallai ya ga komai ba. Amma tsutsotsi da ƙumba da ƙananan jatan lande da ke binne cikin lakar ƙasa ba su da inda za su gudu. Wasu sukan shekara biyar ko fiye a rami ɗaya, duk abin da ya sauko kansu yake sauka. Wannan ne tushen sana'armu. Muna ɗebo laka, mu ƙirga waɗanda ke raye a ciki, mu lura da waɗanda ya kamata a ce suna nan amma babu su.

Ba don gurɓata aka fara aikin ba. Johannes Petersen, masanin kifi ɗan ƙasar Denmak, so yake ya san yawan abincin da ƙasan teku ke iya ba kifayen da masuntan ƙasarsa ke rayuwa a kansu. Wajen 1911 ya fara amfani da wani madamƙi na ƙarfe mai muƙamuƙai biyu, a zura shi da igiya ya cafko laka mai faɗin kashi ɗaya cikin goma na murabba'in mita. Kafin shi, jan raga ake yi a ƙasa a ga abin da ta kwaso, ba a iya cewa guda nawa ne a wuri kaza. Da ya yi ta ƙirga, sai ya ga wasu halittu tare suke zama, na yashi daban, na taɓo daban. A 1933 wani injiniya ɗan Holan, Johan van Veen, ya gyara madamƙin, kuma har gobe shi ne a kan yawancin jiragen bincike.

Aikin kansa bai canja sosai ba. A jawo madamƙi, a juye laka cikin rariya mai ido milimita ɗaya ko rabinsa, a wanke a hankali don kada tsutsotsi su tsintsinke, a zuba sauran cikin kwalba da fomalin da jan rini mai kama jikin abin da ke da rai lokacin ɗiba. Hanci ma yana aiki: laka mai lafiya samanta ruwan ƙasa ne, wadda ta shaƙe baƙa ce ƙirin, tana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Wahalar tana ɗakin gwaji. Ɗibar yini guda kan ci makonni ana tsince ta da hantsaki a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ana duba gashin jikin tsutsa da haƙoranta kafin a ce ga sunanta.

Hatsarin jiragen mai ne ya juya akalar fannin. A Maris 1967 jirgin Torrey Canyon ya fashe kusa da gaɓar Cornwall ta Ingila, kuma masanan Plymouth suka nuna cewa sinadarin da aka kwarara don narkar da man ya fi man kansa kisa a kan duwatsun gaɓa. A Satumba 1969 wani jirgin dako mai suna Florida ya zubar da mai, bai ma kai tan 1,000 ba, a West Falmouth ta Amurka, dab da cibiyar Woods Hole. Howard Sanders da abokan aikinsa na cibiyar sun riga sun san lakar yankin tun shekarun 1950, suka isa cikin kwanaki. Suka tarar kusan komai ya mutu, sannan wata 'yar jar tsutsa, Capitella, ta mamaye wurin. Bayan shekara 30 aka koma aka haƙa lakar fadamar, man yana nan.

A ganina, babu aikin da ya kai na 1978 tasiri, wanda Tom Pearson da Rutger Rosenberg suka wallafa. Pearson ya bi diddigin Loch Eil a Sikotlan, inda wata masana'antar takarda ke zuba ɓawon itace. Rosenberg kuma ya bi wani mashigin teku a Suwidin bayan an rufe irin wannan masana'anta a 1966. Ɗaya yana kallon lalacewa, ɗaya yana kallon farfaɗowa, sai suka ga hanya ɗaya ce ake bi, ko a tafi ko a dawo. Dab da bakin bututu, ƙwayoyin cuta sun cinye iskar oksijin wajen ruɓar da datti, laka ta yi baƙi, ba dabba ko ɗaya. Gaba kaɗan, ƙananan tsutsotsi dubbai a murabba'in mita, amma iri biyu ne ko uku. Can nesa kuma sai iri ya yawaita, manyan masu haƙa rami su dawo, suna juya laka suna shigar mata da iska kamar yadda manomi ke kaftu. Darasin da ke ciki ya ba mutane da yawa wuya: yawan dabbobi ba shaidar lafiya ba ne. An sha kawo rahoto ana murna cewa wuri cike yake da rai, alhali wannan cikar ita ce alamar ciwon.

A 1978 ɗin ce kuma jirgin Amoco Cadiz ya zubar da ɗanyen mai fiye da tan 220,000 a gaɓar Brittany ta Faransa. Cikin ikon Allah, masanan cibiyar Roscoff sun fara ɗibar laka a mashigin Morlaix tun 1977. Saboda haka da ƙananan jatan landen nan da ake kira Ampelisca suka ɓace, babu mai iya cewa da ma can babu su. Jean-Claude Dauvin ya ci gaba da ɗiba a wuri guda, ya nuna sun fi shekara goma kafin su koma yadda suke. Ɗibar shekara ɗaya tak kafin hatsari ita ta ba duk abin da ya biyo baya daraja.

Sai rigimar Tekun Arewa. Kamfanonin mai suna zubar da tsakuwar haƙa rijiya haɗe da mai a gindin dandamalinsu, ana cewa illar ba ta wuce kilomita ɗaya. John Gray na Jami'ar Oslo ya ɗauki alƙaluman filin mai na Ekofisk da ke ɓangaren Norwe, maimakon ya matse su cikin lamba guda, ya bi da su ta sabon lissafin kwamfuta da masanan Plymouth irin su Bob Clarke da Richard Warwick suke ginawa, wanda ke kwatanta wuri da wuri ta kowane iri na halitta. A 1990 ya nuna illar ta kai kilomita uku. Daga 1993 Norwe ta hana zubar da irin wannan tsakuwa. Abin da nake so a lura da shi, Gray ya iya yin haka ne don hukuma ta wajabta wa kamfanoni yin ɗiba a kai a kai, kuma alƙaluman ba a kulle suke a akwatin kamfani ba.

A shekarar 2000 Tarayyar Turai ta kafa dokar ruwa da ta sa halittun ƙasa cikin ma'aunin lafiyar gaɓa, kuma Ángel Borja na ƙasar Sifen ya fito da ma'aunin AMBI, wanda ke raba halittu gida biyar gwargwadon juriyarsu. Ya sauƙaƙa wa hukumomi, ba na musu. Damuwata ita ce an samu masu iya fitar da lamba waɗanda ba su iya bambanta tsutsa biyu ba. Tun 1976 Fred da Judith Grassle suka gano Capitella ɗin nan ba iri ɗaya ba ce, aƙalla shida ce masu kama da juna. Masu sanin sunaye suna tsufa, jami'o'i ba sa maye gurbinsu, kuma na'urar karanta ƙwayoyin gado da ake tinƙaho da ita yanzu ba ta gane abin da wani bai taɓa tantancewa da ido ya shigar cikin rumbu ba.

Gaɓarmu ta Afirka ta Yamma ta fara da ƙafar dama. A 1958 aka wallafa binciken Alan Longhurst da ya yi daga Saliyo, da na John Buchanan a tekun Akra. Bayan haka sai aikin ya zama na jefi-jefi. Malaman jami'o'inmu da cibiyar binciken teku ta Legas, wadda aka kafa a 1975, sun yi ƙoƙari a tafkin Legas, inda garin katako da najasa ke yin abin da ɓawon itace ya yi a Loch Eil. A Bodo ta ƙasar Ogoni, Nenibarini Zabbey ya riga ya ƙirga halittun laka kafin malalar mai ta 2008, shi ya sa ya iya ajiye jiya kusa da yau. Irin wannan kaɗan ne. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya ce gyaran Ogoni zai iya cin shekara 25 zuwa 30, amma a mafi yawan rafukan yankin babu rubutaccen lissafin abin da ke cikinsu a da, balle a san ranar da za a ce an gyara.

Kada mai karatu a Kano ko Yamai ya ce teku ta yi masa nisa. Ruwan Rima da na Kaduna cikin kogin Neja suke zuba, su gangara da abin da muka zuba musu har bakin teku, busasshen jatan landen kasuwanninmu kuma daga can yake zuwa. Ina kira ga hukumomin muhalli da jami'o'i su ware wurare ƙalilan daga Badagiri zuwa Kalaba, a riƙa ɗibar lakarsu kowace shekara ko da babu abin da ya faru, a adana samfurin, a buɗe alƙaluman ga kowa, a kuma ɗauki matasa a biya su su koyi sunayen halittun nan tun masu koyarwa suna raye.