Yajin Aikin 1945, da Yadda 'Yan Siyasa Suka San Darajar Lebura

A zamanin Yaƙin Hitila tsadar kaya ta kai inda ba a taɓa gani ba a Nijeriya. Gishiri ya yi wuya, kananzir ya yi wuya, akoko da alawayyo suka gagari talaka. Manomi dai yana da rumbu, in ya rasa sutura bai rasa tuwo ba. Amma leburan reluwe na Ikko ko Zariya, wanda ba shi da gona sai ladansa, shi ne ya fi jin jiki. Duk wanda ya taɓa riƙe littafin biyan leburori ya san sule ba ya sakewa a takarda, a kasuwa yake ramewa.

Tun 1938 Gwamnati ta yi doka ta yarda ma'aikata su kafa ƙungiya. Cikin waɗanda suka fara rajista akwai ta ma'aikatan reluwe, shugabanta Michael Imoudu, mutumin Lardin Binin. Shi ya yi ta matsa wa hukuma, har a 1942 Gwamna Bourdillon ya ba da ƙarin da ake kira Kola, watau kuɗin tsadar kaya. Ladan da Imoudu ya samu shi ne kora daga aiki a 1943, aka kuma tsare shi a Auchi. Ba a sake shi ba sai 1945.

Ko da ya komo Ikko ya tarar magana ta nuna. Ma'aikata sun nemi a ƙara musu rabin Kolar da suke karɓa, lebura kuma kada ladansa ya kasa sule biyu da sisi a yini. Gwamnati ta amsa da cewa ƙarin kuɗi ba abin da zai ƙara sai tsada. Maganar nan da 'yar gaskiyarta, amma fa mai ƙoshi ne ya faɗa wa mai yunwa. Waɗansu shugabannin ƙungiya suka so a jinkirta, ma'aikata suka ƙi, suka bi Imoudu.

Ran 22 ga Yuni 1945 aka ajiye aiki. Jirgin ƙasa ya tsaya, gidan waya ya yi tsit, kaya suka taru a bakin teku ba mai ɗauka. Mutum fiye da 30,000 suka shiga, aka yi kwana 44 ana ja. Matan kasuwar Ikko suka riƙa taimaka wa masu yaji da abinci, masu gidaje da yawa kuma suka ɗaga musu kuɗin haya. Daga bisani aka naɗa kwamitin Tudor Davies, a 1946 ya ce ma'aikata ke da gaskiya, aka yi ƙarin.

To, a nan ne siyasa ta shigo. Jam'iyyar NCNC, wadda aka kafa a 1944, ta tsaya bayan masu yaji, har Gwamnati ta rufe jaridun Azikiwe biyu, West African Pilot da Daily Comet. Kafin wannan, siyasa abar lauyoyi ce da likitocin Ikko. Yajin ne ya nuna musu inda jama'a take, don kuwa layin dogo ya haɗa Bayarabe da Ibo da Bahaushe kan buƙata guda. Shi ya sa da jam'iyyar ta fita rangadin ƙasa a 1946 ta tafi da Imoudu. Cikin rangadin nan ne Herbert Macaulay ya kwanta ciwo a Kano, aka mai da shi Ikko ya rasu.

Girmamawar hukuma kuwa ta daɗe ba ta zo ba. Sai a 1980 Gwamna Abubakar Rimi na jam'iyyar PRP ya ba da hutun 1 ga Mayu a Jihar Kano, don Ranar Ma'aikata, sa'an nan a 1981 Gwamnatin Shehu Shagari ta mai da shi na ƙasa duka. Imoudu ya ga wannan da idonsa, gama bai rasu ba sai 2005, yana da shekara fiye da 100.