Makullin Tsohuwar Mota: Me Ya Sa Ɓarawo Ke Buɗe Ta Cikin Sauƙi?

Duk mai bin hanyar Lafiya zuwa Akwanga ko Makurɗi ya san tsofaffin motoci ne ke riƙe da mu: Golf 3, Carina E, da ragowar Peugeot 504 da aka haɗa a Kaduna. Suna da ƙarko, amma makullinsu fa rauni gare shi.

Yadda yake aiki

Makullin tsohuwar mota ƙarfe ne zalla. A cikin gidansa akwai 'yan faifan ƙarfe, haƙoran makulli ke jera su daidai, sannan ya juya. Shekara ashirin ana murzawa, haƙoran da faifan duk sun cinye. Daga nan makullin wata motar irinta ma kan iya buɗewa. Na ƙofar direba ya fi saurin lalacewa, don shi ake taɓawa kullum.

Motocin baya-bayan nan kuwa, akwai ɗan guntun na'ura a kan makullin. In kwamfutar motar ba ta gane shi ba, inji ba zai tashi ba. Jamus ta wajabta wannan a sababbin motoci tun 1998. Yawancin tokumbon da aka ƙera kafin lokacin ba su da shi, ɓarawo na iya karya makullin sitiyari ya haɗa waya ya wuce.

Alamun haɗari

In makulli na zarewa alhali inji na aiki, ko sai ka jijjiga shi kafin ya juya, to gidan ya mutu. Canza shi.

Abin yi

Ka sayi mota hannu na biyu? Canza na ƙofa da na tayarwa, ba ka san kwafi nawa ke yawo ba. Sabon makulli a yanka shi daga na ajiya da bai cinye ba.

Kar ka bar makulli wurin wankin mota ka tafi, mai yanka ba ya ɗaukar minti goma.

Sa mai wayarin da ka yarda da shi ya ɓoye maka makashin famfon mai. Ka ƙara da sandar kulle sitiyari, musamman ranar kara ko lokacin sallar Juma'a. Ɓarawo mai sauri ne, in ya ga wahala gaba yake yi.

A ƙarshe, rubuta lambar shasi da ta inji ka ajiye a gida, su 'yan sanda za su nema. Allah Ya tsare mana dukiyarmu.