Zafin Inji a Tsofaffin Babura: Nazari Daga Hanyoyin Toranke

Baburan da suka fi yawa a hanyoyin Toranke, Ajingi da Gaya, irin su Bajaj Boxer na Indiya da Jincheng na ƙasar Sin, ba su da lagireto irin na mota. Abu biyu ne kawai ke raba injinsu da zafi: iskar da ke dukan haƙarƙarin nan na jikin buloki, da baƙin man da ke zagayawa a ciki, wanda a ƙaramin inji bai wuce lita 1 ba. Ƙarfin da ke cikin fetur kuwa, abin da ke zama tafiya bai kai kashi 1 cikin 3 ba. Ragowar zafi ne, dole ya fita ta salansa ko ta jikin ƙarfe. Saboda haka duk abin da ya taɓa iska ko mai, ya taɓa ran injin.

Yanayin wurin ma bai yi wa babur adalci ba. A watan Afrilu da Mayu zafin rana a ƙasar Kano kan haura digiri 40. Ga rairayi, wanda ke tilasta wa mai tuƙi zama a giya ta ɗaya ko ta biyu: inji na kururuwa, babur na rarrafe, iskar da za ta ratsa shi ba ta taka kara ta karya ba. A ɗora buhun gero biyu da mai kayan a sama, an gama haɗa masa azaba. Tun da gwamnatin Kano ta hana acaɓa a cikin birni a Janairun 2013, sana'ar ta fi ƙarfi a karkara, inda babur shi ne motar kasuwa, shi ne kuma motar asibiti.

Sai dai rana da rairayi sun daɗe. Abin da ya canja shi ne farashin fetur, tun bayan cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023. Daga nan roƙon da ya fi yawa a bakin gareji ya zama "a rage masa shan mai". Bakanike ya matse kafireto, ko ya sauke allura, ko ya sa ƙaramar jeta. Fetur na ƙonewa daidai ne idan ya samu iska mai nauyinsa sau 14.7, amma injin da iska ke sanyayawa ya fi son man ya ɗan ɗara haka, domin ragowar fetur ɗin na kwashe wani zafin yayin da yake tururi. Da an matse, wuta ta ƙara zafi, ta daɗe tana ci a kan fistin da bakin bawul. A ganina wannan ne babban dalilin da ake tsallakewa, domin mai babur ba ya zargin gyaran da shi ya biya kuɗi aka yi masa.

Shaidar tana jikin fulogi. A bari inji ya huce, a kwance shi a duba hancinsa. Idan ya yi ruwan ƙasa kamar soyayyar gyaɗa, mai da iska sun daidaita. Idan ya yi baƙi da kunkunniya, mai ya yi yawa. Idan kuwa ya yi fari fat, har da ƙuraje, to injin na cin kansa. Farin fulogi ba kafireto kaɗai yake nunawa ba. Robar da ke haɗa kafireto da inji kan tsage idan ta tsufa, ta riƙa zuƙo iskar sata. Wasu kuma kan cire soson tace iska idan ƙurar hunturu ta toshe shi, maimakon su wanke. Iska ta yi yawa, yashi ya shiga yana goge ringi.

Baƙin mai shi ne dalili na biyu. Tsohon inji na shan mai ta ringin da ya cinye, kuma rabin lita da ta rage ba za ta ɗauki zafin da lita guda ke ɗauka ba. Man awo da ake tsiyayowa daga jarka ba wanda ya san asalinsa, wani ma juyayye ne aka tace. Akwai kuma wani kuskure na masu kyakkyawar niyya: zuba man mota na zamani. Kulocin babur a cikin mai yake wanka, wasu mayukan mota kuma na da santsin da ke sa shi zamewa, zamewar ta ƙara dafa man. Masu tsohon Jincheng mai hayaƙi, wanda ke ƙona baƙin mai tare da fetur, tasu matsalar daban ce: famfon man ya mutu ba a sani ba, ko gawayi ya cushe salansa har zafi ya rasa mafita.

Bawul na buƙatar bayani kaɗan. Bawul ɗin hayaƙi yana sauke zafinsa ne a daidai lokacin da ya zauna daram a mazauninsa. Shekaru na cin mazaunin, tazarar da aka bari, wadda a irin waɗannan injuna 'yar kaɗan ce, ta rufe, bawul ya kasa zama. Alamarsa babur ya tashi lafiya da safe, ya yi zafi ya mutu, ya ƙi tashi sai ya huce. Injin da ya yi shiru fiye da kima ya fi mai ɗan ƙas-ƙas haɗari, ko da yake kunnen mai babur akasin haka yake so.

Binciken da ya dace daga mai araha yake farawa: a kankare busasshen taɓo da maiƙo daga haƙarƙarin buloki, a duba sandar awon mai, a juya ƙafafu a ji ko birki na kamawa ko sarƙa ta yi tsauri, sannan fulogi, sannan bawul. Fasa inji shi ne na ƙarshe. Al'adar sheƙa wa inji ruwan leda yana tsaka da zafi kuwa haɗari ce, domin kan buloki alminiyon ne, yana iya lanƙwashewa ko ya tsage, gaskit ya fara hura iska. Minti 15 a inuwa, inji a kashe, ya fi masa.