Hatsarin kasuwar manoma ta Santa Monica

Hatsarin kasuwar manoma ta Santa Monica hatsarin mota ne da ya auku ranar 16 ga Yuli, 2003, a birnin Santa Monica da ke jihar Kalifoniya ta Amurka. Wani dattijo mai shekara 86, George Weller, ya kutsa da motarsa cikin titin da aka rufe domin cin kasuwa, ya bi ta kan rumfuna da masu sayayya. Mutum 10 suka mutu, fiye da 60 suka jikkata.

Bincike

Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta gano cewa totur ya taka maimakon birki. Ta kuma ga aibin yadda aka rufe titin, domin shingayen da aka gitta marasa nauyi ne, ba sa iya tare mota.

Shari'a

A 2006 kotu ta same shi da laifin kisa ta hanyar tuƙin ganganci, amma saboda tsufa da rashin lafiya aka yi masa ɗaurin talala na shekara biyar. Iyalan mamatan da waɗanda suka jikkata ba su tsaya kan direban kaɗai ba, sun haɗa da hukumar birnin a ƙara. A 2008 aka sasanta kan diyyar dala miliyan 21.