Gwajin KVM a cikin QEMU

Gwajin KVM a cikin QEMU hanya ce da masu rubuta manhaja suke bi don su gwada KVM na wani nau'in furosesa, kamar ARM ko RISC-V, alhali kwamfutar da ke gabansu ta Intel ce ko AMD. Furosesa ita ce ƙwaƙwalwar da ke aiwatar da umarni a cikin kwamfuta, kuma kowane nau'i yana da harshensa na umarni wanda wani ba ya ji.

Asali

QEMU manhaja ce ta kyauta wadda Bafaranshe Fabrice Bellard ya fara fitarwa a shekarar 2003. Aikinta kamar na tafinta ne: tana karanta umarnin wata furosesa, ta fassara shi zuwa harshen furosesar da take kai. Ana kiran sashen da ke wannan fassara TCG.

Ita kuwa KVM wani sashe ne na Linux, wanda Avi Kivity ya fara rubutawa a kamfanin Qumranet, aka shigar da shi Linux 2.6.20 a shekarar 2007. Tana ba kwamfuta damar ɗaukar wata kwamfutar a cikinta a matsayin baƙuwa, ba tare da fassara ba. Sai dai tana da sharuɗɗa biyu: dole baƙuwa da mai masauki su zama masu harshe ɗaya, kuma dole furosesar ta zo da tanadi na musamman, kamar VT-x na Intel (2005) ko AMD-V (2006).

Yadda ake yi

Ana jera hawa uku. A ƙasa akwai kwamfutar gaske. A tsakiya QEMU tana kwaikwayon furosesar da ake so, har da wancan tanadi na ɗaukar baƙi; idan ARM ce, ana kunna shi da zaɓin virtualization=on a kan injin virt. Daga nan a tayar da Linux a cikinta. Idan fayil ɗin /dev/kvm ya bayyana, to Linux ta amince cewa tanadin yana nan, sai a tayar da hawa na uku, wato baƙuwar, a kan KVM.

Amfani

Babban amfanin hanyar shi ne ba sai an jira an ƙera furosesa kafin a rubuta mata manhaja ba. An ga haka a RISC-V, wadda aka fara tsarawa a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley a 2010. An amince da ƙa'idar tanadinta na ɗaukar baƙi a ƙarshen 2021, kuma KVM ɗinta ta shiga Linux 5.16 a Janairun 2022. Anup Patel da abokan aikinsa sun gwada aikin a kan manhajojin kwaikwayo irin su QEMU tun kafin a samu furosesar a kasuwa. Haka nan ɗalibi mai laftof ɗaya zai iya koyon KVM na ARM ba tare da sayen wata na'ura ba.

Iyakoki

Komai yana bi ta hannun tafinta ne, don haka aikin yana tafiyar hawainiya. Gwajin yana nuna ko manhaja tana aiki daidai, amma ba ya nuna saurin da za ta yi a kan na'urar gaske, kuma wasu kurakuran ba sa fitowa sai a can. Sannan ba kowane tanadi QEMU ke kwaikwaya ba: TCG tana kwaikwayon AMD-V, amma ba ta kwaikwayon VT-x.